Yadda Za Ka Kafa Sana'ar AI a Gombe Ba Tare da Dala Ta Cinye Ribar Ba

A watan Maris na 2023 kamfanin OpenAI ya fito da GPT-4, injin harshe, wato manhajar AI da ke karanta rubutu ta mayar da amsa. Duk mai son ɗora manhajarsa a kansa yana biyan dala 30 kan kowane token miliyan ɗaya da ya tura, da dala 60 kan miliyan ɗaya da aka mayar masa. Token gutsuren kalma ne, da shi kamfanonin ƙirƙirarriyar basira (AI) suke auna aiki su caji kuɗi. A watan Yulin 2024 kamfanin ya fito da ƙaramin inji, GPT-4o mini, kan dala 0.15 na shiga da dala 0.60 na fita. Ba ƙarfinsu ɗaya ba, amma ga irin aikin da ɗan kasuwa yake buƙata ƙaramin ya wadatar. Cikin wata 16 kuɗin shiga ya ragu ninki 200, na fita ninki 100.

Duk dabarar da za ta biyo baya daga wannan faɗuwar farashi ta taso. Basirar kanta ta yi arahar da ba a cin riba wajen sayar da ita tsurarta, balle ga matashi mai laftop ɗaya a Tumfure ko Pantami. Abin da mutum zai cire kuɗi ya biya shi ne aikin da aka gama masa: bashin da aka tattaro, odar da ba ta salwanta ba, lissafin da ya fita daidai da yamma.

Abin da manya suke yi, da inda ya shafe ka

Kasuwar hawa-hawa ce. A ƙasa akwai masu ƙera na'urorin lissafi, Nvidia ke kan gaba. A tsakiya akwai masu horar da injuna: OpenAI, Google, Anthropic, Meta, da na Sin irin su DeepSeek da Alibaba. A sama kuma masu ɗaukar injin su haɗa shi da wani aiki. Hawa biyu na ƙasa jarinsu ya fi ƙarfin jihohi ma. Amazon kaɗai ya yi alkawarin zuba jimlar dala biliyan 8 a Anthropic zuwa ƙarshen 2024. A Janairun 2025 OpenAI da SoftBank da Oracle suka sanar da shirin Stargate, na kashe dala biliyan 500 cikin shekara huɗu kan cibiyoyin lissafi a Amurka. A watan nan dai DeepSeek ya saki injinsa R1 kowa ya sauke kyauta, kuma ranar 27 ga Janairu darajar hannun jarin Nvidia ta zube da kusan dala biliyan 590 a wuni ɗaya. A Agustan 2025 OpenAI ma ya saki injinsa gpt-oss a buɗe, wato kowa na iya saukewa. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya, tare da kamfanin Awarri, ta ƙaddamar da N-ATLAS, buɗaɗɗen inji mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya.

Gasar tana da amfani a gare ka, domin kai mai saye ne, kuma masu sayarwa suna ta karya wa juna farashi. Mai injin casar shinkafa ba shi ya ƙera injin ba. Ribarsa tana wajen sanin manoma, da sanin lokacin da kaya ke shigowa, da riƙe amanar buhunan mutane. Matsayinka ke nan.

Amma akwai tarko. Duk abin da kowa da kowa ke buƙata, manyan za su ba da shi kyauta. Tun Afrilun 2024 Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya, ba a biyan ko kwabo. Saboda haka manhajar "tambayi komai da Hausa" ba sana'a ba ce, ko da ta yi kyau. Bayan haka Meta ta canza sharuɗɗan dandalinta na WhatsApp na 'yan kasuwa: daga 15 ga Janairun 2026 ba a yarda a ɗora mataimakin amsa-komai a kai ba, sai wanda ke yi wa wani takamaiman kasuwanci hidimar abokan cinikinsa. Wanda ya gina na farko, sanarwa ɗaya ta rushe shi. Na biyun shi ne namu.

Zaɓen aikin

Kada ka fara da kwamfuta. Ka samu ɗan kasuwa ɗaya da ya amince da kai, ka zauna a shagonsa mako guda da littafi, kana ƙirga abin da ake maimaitawa. Aikin da ya cancanta shi ne wanda ake yinsa aƙalla sau 30 a rana, wanda rashin yinsa daidai yana jawo asarar da za a iya faɗa da naira, kuma wanda in an yi kuskure akwai damar kamawa kafin kaya su fita ko kuɗi su shiga. In ɗaya daga ciki ya ɓace, ka nemi wani.

A Gombe irin wannan aiki yana da yawa wajen manyan diloli na kayan masarufi da ke ba wa masu shaguna na Kumo da Billiri da Bajoga da Dukku kaya bashi, da dilolin takin zamani da maganin feshi, da 'yan hatsi na Tudun Hatsi, da makarantu masu zaman kansu da ke bin iyaye kuɗin zango. Dukkansu ciwonsu ɗaya: oda tana zuwa ta saƙon murya, lissafi yana cikin littafi da kan maigida, bashi kuma ana tunawa da shi ne in an ga mutum. Za mu ɗauki dilan taki a matsayin misali.

Akwai ayyukan da ba na mai farawa ba ne, komai kwaɗayin kuɗinsu: gano cuta ko rubuta magani, fatawa da rabon gado, da faɗa wa manomi yawan maganin feshin da zai zuba a tanki. Injin harshe yana iya shara ƙarya da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma a waɗannan wurare kuskuren ba ya gyaruwa da ban haƙuri.

Tara saƙonnin gwaji kafin ka rubuta layi ɗaya

Nan ne mafi yawa suke tsallakewa, nan ne kuma aikin yake rayuwa ko mutuwa. Da izinin maigida, ka tara saƙonni 150 na gaske daga wayar shagon, na murya da na rubutu, ka goge sunaye da lambobin waya. Kada ka tsince masu kyau. Ka haɗa da wanda aka ɗauka a bakin titi Keke Napep na wucewa, da na dattijon da ke haɗa Hausa da Fulatanci, da na yaron da ke rubutu ba wasali. Ga kowane saƙo ka rubuta amsar da ta dace da hannunka a jadawali: wane kaya, buhu nawa, nawa ne kuɗin, biya ne ko bashi, yaushe. Sai ka ba injuna uku ko huɗu saƙonnin nan, ka ba su maki. Makin lambobi daban, makin sauran daban.

Ga inda za ka ga suna faɗuwa. Na farko, ƙidayar kasuwa. Ɗan kasuwa yana cewa "arba'in da biyu" yana nufin naira 42,000, domin kowa ya san ba a sayar da buhu naira 42. Yana cewa "dubu biyar ba ɗari biyu", wato 4,800, inji kuma ya rubuta 5,200 ko ya ɗauka ƙin yarda ne. Dattijo zai ce jaka biyar yana nufin naira 1,000. Na biyu, rubutun waya. Yawancin mutane ba sa saka ɓ da ɗ da ƙ, ba sa raba kalmomi, don haka "bashi buhu goma" na iya zama umarnin a miƙa wa mutum kaya, na iya zama kayan da ba a biya ba, kuma a littafin dila bambancin nan kuɗi ne. Na uku, awo. Mudu da tiya da kwano ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, buhun taki kilo 50 ne amma na hatsi ya danganta da abin da ke ciki. Na huɗu, karin harshe. Injunan juya murya zuwa rubutu sun fi sabawa da Hausar rediyo da ta masu karatu a natse. Hausar Gombe ta kasuwa, wadda Bafulatani da Batangale da Batere ke haɗuwa a kanta, tana ba su wuya.

Whisper, injin juya murya na OpenAI, yana lissafa Hausa cikin harsunansa, amma kurakuransa a kanta sun fi na Turanci nesa ba kusa ba. Ka gwada shi tare da MMS na Meta, da na Google, da na N-ATLAS, da injunan da masu bincike suka ƙara wa horo da muryoyin da ayyukan Common Voice ko NaijaVoices suka tattara. Kada ka yarda da tallar kowa, jadawalinka ne alƙali. Ƙa'idarmu: in inji bai samu lambobi 95 cikin 100 daidai ba, ba a barinsa ya shigar da komai littafi sai mutum ya duba.

Wannan jadawali, in ya girma ya kai saƙonni dubu da amsoshinsu, shi ne ainihin dukiyar sana'ar. Kowa na iya hayar injin da kake haya. Ba kowa ke da wannan ba.

Haɗa kayan

Kayan aikin shida ne: lambar WhatsApp ta hukuma, ƙaramar saba (kwamfutar da manhajarka za ta zauna a kai) da ake haya a intanet, rumbun bayanai, injin juya murya, injin harshe, da mutum.

Lambar ka buɗe ta ta hanyar Cloud API na Meta (API ita ce ƙofar da manhajarka ke bi ta yi magana da ta wani kamfani), da sunan kasuwancin dilan, da takardun rajistarsa na CAC domin tantancewa. Akwai manhajojin bayan fage da ke sarrafa WhatsApp na yau da kullum, sun fi sauƙin haɗawa, amma Meta na rufe lambobin da ta kama. In lambar da dila ya shekara goma yana ciniki da ita ta rufu ta dalilinka, ka gama sana'a a kasuwar nan. Tsarin cajin Meta kuma ka fahimce shi da kyau: a tsarin 2025, in abokin ciniki ne ya fara turo saƙo, kana da awa 24 na amsa masa kyauta. In kai za ka fara, dole ka yi amfani da saƙon da Meta ta riga ta amince da tsarinsa, kuma tun 1 ga Yulin 2025 ana cajin irin waɗannan ɗaya-ɗaya, na talla ya fi na sanarwa tsada. Tunatarwar biyan kuɗi ka rubuta ta tsurar sanarwa. Da ka cusa "muna da sabon kaya" a ciki, za a mayar da ita ajin talla.

Rumbun bayanai, a watannin farko Google Sheets ya isa, kuma yana da fa'idar da ba a raina ta: maigida ko ɗansa na iya buɗewa a waya su canza farashi da kansu. Shafi ɗaya na kaya da farashi, ɗaya na abokan ciniki, ɗaya na oda, ɗaya na bashi. A shafin kaya ka ƙara gurbin duk sunayen da mutane ke kiran kowane kaya da su, har da na laƙabi da rubutun kuskure. In shaguna sun wuce biyar, ka koma PostgreSQL, cikakkiyar manhajar rumbun bayanai.

Doka mafi girma a ginin: inji ba ya tuna farashi, ba ya yin lissafi. Aikinsa kawai ya karanta saƙo ya fitar da abin da ke ciki a tsari na JSON, wanda manhaja ke iya karantawa: kaya kaza, adadi kaza, bashi ko biya. Manhajarka ce za ta ɗauko farashi daga shafin ta ninka. Dalili kuwa, injin harshe yana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, ba ƙididdiga yake yi ba, kuma in bai ga farashi ba zai ƙago wanda ya yi kama da gaskiya. Ka sa iyakoki ma a manhajar: in kuɗin buhu ya fito ƙasa da rabin farashin shafi ko sama da ninkinsa, ko adadin ya zarce abin da mutumin ya saba ɗauka sau uku, a tsayar a kira mutum.

Kafin a rubuta komai, a mayar wa mai oda abin da aka fahimta: "Alhaji, ga abin da muka rubuta: yuriya buhu 20, NPK buhu 10, za a biya ranar Juma'a. In daidai ne ku turo 1, in da gyara ku turo 2." Ga wanda ba ya karatun boko, lambobin da sunan kayan sukan wadatar, ko yaron shago ya kira shi. A umarnin da za ka rubuta wa injin ka fayyace ladabi: ya amsa sallama, ya ce "ku" ga kowa, kada ya yi barkwanci, kada ya yi ragi, kada ya yi alkawarin ranar kawo kaya. In aka fara ciniki, amsarsa ɗaya ce, maigida zai kira. A Disambar 2023 masu wasa sun sa mataimakin wani dilan motocin Chevrolet a Kalifoniya ya amince da sayar da sabuwar mota kan dala ɗaya. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta tilasta wa Air Canada biyan fasinja saboda bayanin ƙarya da mataimakin shafinsa ya ba shi, ta ƙi karɓar hujjar cewa injin ne ya faɗa. Abin da injin ya faɗa da sunan shago, shagon ne ya faɗa.

Abu na ƙarshe a ginin: duk kiran da kake yi wa injin ya bi ta wuri ɗaya a manhajarka, yadda canza kamfani zai zama canza layi biyu ko uku. Kamfanonin nan suna janye injuna. GPT-4.5 ya fito a Fabrairun 2025, zuwa Yuli an cire shi daga API. Makullin API kuma, wato lambar sirrin da ke buɗe asusunka, a saba yake zama, ba a cikin manhajar waya ba, kuma ka sa iyakar kashe kuɗi ta wata a asusunka tun ranar farko. Makullin da ya fita, ko manhajar da ta shiga kewayen kiran kanta, na iya cinye kuɗin wata uku a dare ɗaya.

Lissafin kuɗi

Mu ɗauka dala tana naira 1,500, ka musanya da farashin ranar da kake lissafi. Shago yana samun hira 60 a rana, kowace ana kai da komo sau 6, kira 360 ke nan. Kowane kira yana ɗauke da umarni da jerin kaya da abin da aka faɗa a baya, a ce token 2,000, amsa kuma 200. A wata, token miliyan 21.6 na shiga da miliyan 2.16 na fita. A farashin GPT-4o mini, dala 4.54, kimanin naira 6,800, da harajin VAT na kashi 7.5 ya zama 7,300. Wannan aikin dai a kan babban injin GPT-4o, mai dala 2.50 na shiga da dala 10 na fita, dala 75.60 ne, sama da naira 113,000. A farashin GPT-4 na 2023 da ya haura naira miliyan ɗaya. Shi ya sa ake fara gwaji da mafi ƙanƙantar inji, a hau sama sai in ya faɗi, kuma ko an hau, saƙonni masu wuya kaɗai ake tura wa babban.

Hausa tana cin token fiye da Turanci, domin an tsara yankan kalmomin ne galibi da rubutun Turanci, kuma haruffa masu lanƙwasa sukan ƙara. Ka auna da saƙonninka, ko ka yi kasafi da ninki biyu. Umarnin da ba ya canzawa ka sa shi a farkon kira, domin manyan kamfanonin suna rage kuɗin ɓangaren da ake maimaitawa. In kayan shagon sun kai ɗaruruwa, kada ka tura jerin duka, ka tace goma da suka fi kusa da abin da aka ambata.

Abin da mutane ba sa tsammani: murya ta fi rubutu tsada. Whisper ta API dala 0.006 ne minti ɗaya. Saƙon murya 100 a rana, kowane daƙiƙa 30, minti 1,500 ne a wata, dala 9, naira 13,500 kafin haraji. Kusan ninki biyu na kuɗin injin harshen. Kuma saƙon muryar mutanenmu rabinsa gaisuwa ce, wadda ba za ka hana ba. Saba ƙarama dala 5 zuwa 10 ce a wata, tana ɗaukar shaguna da yawa. Jimla, shago ɗaya mai irin wannan zirga-zirga zai ci maka kimanin naira 25,000 a wata kafin saƙonnin tunatarwa, da datarka, da kuɗin mashin zuwa kasuwa, da lokacinka.

Da yawa kan ce gara su sayi kwamfuta mai ƙarfi su ɗora buɗaɗɗen inji su huta da dala. Ka yi lissafin wuta tukuna. Kwamfuta mai katin GPU (na'urar lissafin da injunan AI ke gudana a kai) da ke jan wat 400 dare da rana tana cin yunit 288 a wata. A layin Band A, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, kusan naira 60,000 ke nan, in wutar JED, kamfanin da ke rarraba wa Gombe wuta, ta tsaya. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwana fiye da mako a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Sai ka ƙara sola da batura da inbata, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki don zafin Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu da ke toshe iska. Da shago ɗaya ko biyar, haya ta fi. Inda inji na gida yake da hujja shi ne wurin da bayanan ba za su fita ba, ko inda intanet ba ta da tabbas. A nan ƙaramin inji mai ma'auni biliyan 8 (da su ake faɗin girman inji), in an matse shi ya rage nauyi, yana cin kimanin gigabayit 5, yana tafiya a laftop mai RAM 16 ta hanyar Ollama, manhajar ɗora inji a kwamfutar gida, a hankali dai, kuma Hausarsa sai ka gwada.

Doka

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka da zarar ka riƙe suna da lambar waya da bashin mutum. Hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke kula da ita. Dila shi ne mai bayanan, kai mai sarrafa masa ne, don haka ku rubuta yarjejeniya da ta faɗi abin da za ka yi da su, da inda ake ajiye su, da ranar gogewa. Saƙon farko da kowane abokin ciniki zai samu ya sanar da shi cewa inji ne ke amsawa, ana ajiye saƙonni, kuma ga yadda zai nemi mutum. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, awa 72 doka ta bayar a sanar da hukuma. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 na kuɗin shigar shekara, wanda ya fi yawa. In makaranta kake wa aiki, bayanan yara sai da yardar iyaye.

Kada ka kwafi littafin bashin mutane ka zuba a manhajar hira ta kyauta. A asusun kyauta ana iya amfani da hirar wajen horar da inji in ba ka kashe ba, alhali OpenAI tun Maris 2023 ba ya horarwa da abin da ya shigo ta API sai ka yarda. Kafin saƙo ya bar sabarka ka cire suna da lambar waya ka sa lambar sirri a madadinsu, injin ba ya buƙatar sanin waye. In kana son saƙonnin su shiga jadawalin gwajinka, wannan ma a rubuta shi a yarjejeniya.

Yanka farashi

Kada ka ce wa dila injin zai maye gurbin yaron shago. Albashin yaron sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, yana ɗaukar buhu, yana zuwa banki, kuma wataƙila ɗan 'yar'uwarsa ne. In ka kawo wannan kwatancen ka faɗi. Ka yi magana da bashi. Dilan da ke da naira miliyan 3 a hannun mutane, in tunatarwa mai ladabi a ranar da aka yi alkawari ta dawo masa da ƙarin kashi 2 a wata, naira 60,000 ne. Wannan lissafi yana gane shi kafin ka gama faɗa. Shi ya sa tun makon da ka zauna a shagon za ka rubuta yawan bashin da ke waje da kwanakin da yake ɗauka, domin bayan wata biyu ku kwatanta.

Ka karɓi kuɗin kafawa sau ɗaya, wanda ya biya maka aikin shigar da kaya da koyar da yaran shago, sannan kuɗin wata da bai gaza ninki biyu na abin da kake kashewa ba. Kyauta ba ta da kyau ko a gwaji: wanda bai biya ba ba ya sabunta farashi a shafi, injin ya faɗi tsohon farashi, laifin ya dawo kanka. Ka sa manhajar ta daina faɗin farashin da ya kwana uku ba a taɓa ba, ta ce a jira maigida.

Kuɗinka na fita da dala, na shiga da naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yanka farashin shekara a tsakani ya yi wa wani aiki kyauta. A yarjejeniya ka sa sake duba farashi kowane wata uku, da iyakar saƙonni da mintocin murya na wata, abin da ya haura a biya daban. Ka bi yanayin sana'ar mutum wajen karɓa: dilan taki kuɗinsa na hannu daga Mayu zuwa Agusta, ɗan hatsi daga kaka zuwa Janairu, makaranta a makonnin farko na zango. Kuɗin damina ɗaya a dunƙule ya fi sauƙin fita daga aljihun dilan taki fiye da na wata-wata a watan Fabrairu. Haɗa 'yan taki da 'yan hatsi a cikin abokan cinikinka yana cike maka shekara.

Shago na biyu ya zama irin na farko, a layi ɗaya in da hali, domin jerin kaya da sunayensu da jadawalin gwaji duk za su yi maka aiki ba sabon gini. Sai dai bayanan kowane shago a keɓe suke, shafi daban, makulli daban, kuma ka faɗa wa kowannensu haka tun kafin ya tambaya, domin maƙwabcinsa abokin gasarsa ne. Kowace Asabar ka ɗauki saƙonni 30 na makon ka duba da ido, waɗanda aka kuskure su shiga jadawali. Kowane wata uku, ko duk lokacin da sabon inji ya fito, ka sake ba su jarrabawar gaba ɗaya. In sabon ya kai makin na yanzu a kan lambobi kuma ya fi araha, ka juya shago ɗaya kansa na mako biyu kafin sauran.